An Ɗan Jinkirta Jirgin Zumunci

Jama'a, yau da safe saura ƙiris in fito daga shagon mai askin unguwarmu da rabin gemu. Na zauna, ya ɗaura mini ƙyallensa a wuya, ya shafa kumfa, sai ya juya ya shaida wa masu jiran layi cewa su gyara zama, yau babban mutum yake yi wa aski, wanda ya ƙetare teku ya dawo. Wani dattijo mai sayar da katifa ya miƙo hannu muka gaisa, ya ce ya ji labari, Allah ya sa an dawo a sa'a, ina tsarabarsa? Na ce ban zo da komai ba. Ya bi ni da wani kallo kamar na ci amanarsa.

"Haba maƙwabci," in ji mai aski, reza tana kan maƙogwarona. "Mutum ya je har can, ko ɗan turare? Rowa dai ba ta yi ba."

"Ba can na nufa ba," na ce masa a hankali, saboda inda rezar take.

"To ɓatan kai direban ya yi?"

"A'a. Bisa ƙa'ida aka kai ni."

Shagon ya kwashe da dariya, suna zaton barkwanci nake yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin nan sau ɗaya, kowa ya karanta, a daina tare ni a hanya.

Waɗanda suka saba karanta ni sun san sana'ata. Kayan gyaran keken ɗinki nake sayarwa, allurai da bel da ƙoshiya da ɗan man da ake ɗiga wa keke in ya fara kuka. Lokaci zuwa lokaci nakan tsallaka zuwa ƙasar da ke gabas da mu in saro kaya, don can sun fi sauƙi. Akwai kuma ƙasa ta uku a kudu, wadda ta yi iyaka da mu ta yi iyaka da su. Mu ukun haka muke zaune kamar duwatsun murhu. A wannan ƙasa ta kudu Yaya take, can aure ya kai ta tun ina ɗan makaranta, can mijinta ya rasu, can ta tsufa a gidan ɗanta. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yau ina da furfura da jikoki, amma a bakinta har gobe Auta nake.

Ina can gabas ina ciniki, ranar Litinin, sai ga wayar ɗan Yaya. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, wannan kowa ya sani. Yanzu na daman ne ya fara dusashewa. Ya ce, "Kawu, likita ya sa ranar Alhamis da safe za a yi mata aiki. Ya ce ba zai ɓoye mana ba, ko dai idon ya buɗe, ko ya rufe gaba ɗaya. In kuma aka bar shi, rufewar zai yi a hankali." Kafin in ce wani abu na ji ta karɓe wayar.

"Auta, ka zo in ga fuskarka kafin su taɓa idon nan. Rabona da kai tun kana da gashi a ka."

"Yaya, ai sai ya kunna miki bidiyo yanzu ki gan ni."

"Ni ba hoto na ce ba. Ɗanka ya gwada mini, wani abu kawai nake gani kamar ƙwai yana magana. In kana kusa da ni, da rana, ina gani. Ka zo da kanka."

Na ce ina nan tafe. A duk rayuwata ban taɓa ce wa matar nan a'a ba, kuma ba a kan wannan zan fara ba.

Mai masaukina, wani dillalin kayan keke da muka daɗe tare, ya ce in tattara in tafi tasha tun da yammacin nan. Hanyar ba daɗi, akwai shingaye da masu duba takardu a kowace kwana, amma ya ce in Allah ya yarda Laraba da safe ina gaban Yaya. Na yi masa irin murmushin da mai karanta jarida yake yi wa wanda ba ya karantawa. Na ce ashe bai san da Jirgin Zumunci ba?

Ku da kuke bin labarai kun tuna ranar da aka ƙaddamar da shi. Manyanmu na ƙasashen uku suka hallara a filin jirgi, kowa da hadiminsa mai riƙe masa lema. Aka kawo almakashi a kan faranti. Motocin kashe gobara suka yi wa jirgin wanka, a garin da famfo ya manta aikinsa. Ɗaya daga cikinsu, Mai Girma Sarkin Almakashi, ya tashi ya ce daga yau an gama zagaye, talaka zai karya kumallo a wannan ƙasa ya ci abincin rana a waccan, kai tsaye, ba tsayawa. Ni da kaina na tafa a cikin shagona, har wani tela da ya zo sayen allura ya tambaye ni ko lafiya.

"Ka taɓa ganin wanda ya hau shi?" in ji mai masaukina.

"Kai ka taɓa ganin wanda ya ce ba ya tashi?"

Ya ɗaga kafaɗa, ni kuwa na ɗauka na kayar da shi. Na ɗora tabarau a kan hanci, na buɗe waya, na shiga shafin kamfanin. Ga jirgin nan ɓaro-ɓaro, Talata da safe, kai tsaye. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, kujerun duk an kusa saye su, 'yan kaɗan suka rage. Na ce ka ji mutane, jirgi cike maƙil, wani yana cewa ba a hawa. Na zaɓi kujerar bakin taga. A lissafina zan riga motar mai masaukina da yini guda, kuma wannan yinin na Yaya ne.

Talata da sassafe ina filin jirgi. Ma'aikaciyar da ke kantar duba tikiti ta karɓi fasfona, ta duba na'urarta, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, yau ka zo?"

"Ba yau ba ne?"

"Yau ne," ta ce, ta sake dubana. "Eh, yau ne."

Ta ba ni katin shiga. Jami'in shige da fice ya buga mini hatimin fita, na wuce zauren jira. Zaure ne mai faɗi, kujerun ƙarfe a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a cikin bokiti, a bango ga ƙaton hoton manyanmu uku suna riƙe da almakashi ɗaya. Ni kaɗai ne a ciki. Na ce lallai ni ne sarkin sammako, sauran suna hanya.

Da lokacin tashi ya yi, sai wata murya mai daɗi ta fito daga lasifika. Ta ce ana sanar da fasinjojin Jirgin Zumunci cewa an ɗan jinkirta tashinsa saboda dalilai na aiki, kamfani yana ba da haƙuri. Ta faɗa da harsuna uku. Na ji daɗin yadda aka girmama ni, ni kaɗai har harsuna uku. Hantsi ya yi ta sake faɗa. Azahar ta yi ta sake faɗa, ko numfashinta bai canza ba. Nan na leƙa ta gilashi na yafito ma'aikaciyar kanta.

"'Yata, ki gaya mini gaskiya. An soke jirgin nan ne?"

Ta dafe ƙirji, ta waiga dama da hagu.

"Baba, don Allah kada ka ƙara faɗin kalmar nan a nan wurin. Ba a soke jirgin nan. Ka san wanda ya buɗe shi? To shi kaɗai yake da ikon sokewa. Mu iyakar ikonmu jinkirtawa."

"To yaushe zai zo?"

"Yana nan tafe."

Kada ku ga laifinta. Yarinya ce mai ladabi, kuma duk abin da ta faɗa mini haka yake a tsarin aikinsu. Da la'asar dai jikina ya fara ba ni. Na ce tun da sauran lokaci bari in haƙura in koma tasha, in na samu motar yamma zan iya shiga gari daf da aikin. Na nufi ƙofar da na shigo. Jami'in shige da fice ya ɗaga mini hannu.

"Ina zuwa, Baba?"

"Gari zan koma."

Ya buɗe fasfona, ya nuna mini hatimin da shi da kansa ya buga.

"Ai kai ka bar ƙasar nan tun da safe."

"Ga ni kuwa a gabanka."

"A gabana kake, amma a takarda ba ka nan. In kana son shiga ƙasar nan sai in buga maka hatimin shigowa. Daga wane jirgi ka sauka?"

"Ban hau ba balle in sauka."

"Ka ga matsalar ke nan," ya ce, da tausayi a fuskarsa. Ya bayyana mini cewa babbansu ne kaɗai yake iya kashe hatimi, shi kuma ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan sauƙaƙa wa matafiya zirga-zirga. Sai gobe, in an tashi da wuri.

A kan kujerun ƙarfen nan na kwana, ni da bokiti. Kafin nan na kira Yaya. Ta ce, "Auta, kana ina?" Sai na ji bakina yana cewa an ɗan jinkirta jirgin ne, yana nan tafe. Ko ni ban san lokacin da na haddace ba. Ta ce ba komai, ta riga ta shiga asibiti, kuma ta sa an matsar da gadonta bakin taga don haske, yadda ina shigowa za ta gan ni. Da ta kashe wayar na ji tsoro ya kama ni sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Laraba da hantsi sai ga fasinjojin da suka saye kujerun nan. Suka shigo cikin nishaɗi, ƙamshin turare ya riga su. Tawaga ce guda ta ƙasarmu da ta gama wani taro a nan, manya da ƙanana, wasu da matansu. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Na farko, kowa yana rataye da rigar sanyi mai kauri a hannu, alhali ƙasarsu Yaya ta fi nan zafi. Na biyu, wani akwati ya kuɓuce ya faɗi kusa da ni, na sunkuya da dukkan ƙarfina zan ɗaga, saura kaɗan in faɗi ta baya. Ba komai a ciki.

Mai akwatin ya yi godiya ya zauna kusa da ni. Mutum ne mai fara'a, aikinsa riƙe wa shugaban tawagar jaka, don haka zan kira shi Mai Riƙe Jaka. Ya ga rigata ta yamutse, ya tambaye ni tun yaushe nake nan. Na ce tun jiya da safe. Ya yi dariya har da buga gwiwa.

"Jiya? Ranar da aka rubuta a tikiti? Kai Baba, wallahi kana da kirki. Wa ya turo ka?"

"Ba wanda ya turo ni. Ƙasar kudu za ni."

"Kudun kanta?"

"Ita ce a jikin tikitin."

Ya daina dariya, ya dube ni kamar yadda ake duban mara lafiya. Sannan ya zauna ya warware mini komai tiryan-tiryan, ba ɓoye-ɓoye, don a wurinsa ba abin kunya a ciki. Jirgin da muka gani ana yi wa wanka haya aka ɗauko, aka manna masa tambari, da aka gama biki aka ɓanɓare aka mayar wa masu shi. Na gaskiyar ba zai fara tashi ba sai ƙasashen sun sa hannu a wata yarjejeniya, kuma har yanzu ba a daidaita a kan wanda zai fara sa hannu ba. Tun da babu wanda ya ba da umarnin a daina sayar da tikiti, ana sayarwa. Tun da babu mai ikon sokewa, ana jinkirtawa. Dokar kamfani kuma ta ce duk fasinjan da jinkiri ya kwana a kansa, dole a ɗora shi a kan kowane jirgi da zai iya kai shi inda za shi. Hanya ɗaya ce rak: a ƙetare teku, a kwana a babban birnin can, washegari a juyo.

"To ku da kuka sani, me ya sa kuke saye?"

"Umarni ne daga sama," ya ce, ya gyara zama. "An hana jami'ai yawon ƙasashen nesa saboda tsimi. An ce kowa ya riƙa hawa jirgin yankinmu don ƙarfafa zumunci. Mu kuwa masu biyayya ne. Ka duba tikitina, kai tsaye na saya. In kamfani ya ga dama ya bi da ni ta wani wuri, laifina ne?"

"Yanzu ina za ku?"

"Kudu, kamar kai. Taron kwamitin warware matsalar jirgin kai tsaye."

"Kuna sa ran warwarewa?"

"Ana samun ci gaba," ya ce. "A zaman da ya wuce mun amince da launin tawadar."

A nan ya kamata in tsaya in yaba wa manyanmu, don ni ba na cikin masu hassada. Ku nuna mini wata ƙasa a duniya da take da jirgin da bai taɓa haɗari ba, bai taɓa shan mai ba, bai taɓa ɓata wa mazauna kusa da fili barci ba, kuma kullum a cike yake. Mai Riƙe Jaka ya ce a rahoton bara jirgin nan ne ya zo na ɗaya wajen cika kujeru. A duk zauren nan mutum ɗaya ne bai gamsu da aikinsa ba, shi ne wanda ya saye shi don ya je inda aka rubuta.

Na ce a kai ni wurin shugaban tawagar. Mai Riƙe Jaka ya shige gaba. Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamitin Duba Ayyukan Ƙananan Kwamitoci yana zaune a wani ɗaki mai labule da kujerun laushi, ana zuba masa shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin Yaya daga farko har ƙarshe, har da gadon da aka matsar bakin taga. Na ce ba komai nake nema ba, ko waya ce a buga wa babban jami'in nan ya kashe mini hatimi, ko a haɗa ni da wata mota ta gwamnati mai jiniya.

Ya saurare ni da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Har ya cire tabarau ya goge.

"Ka ji ko?" ya ce wa Mai Riƙe Jaka. "Irin labaran da nake cewa a nemo mana ke nan. Wannan a jawabin buɗe taro zan sa shi." Ya juyo gare ni. "Bawan Allah, ka taimaki ƙasarka yau. Maganar hatimi kuma ba hurumina ba ne, ni baƙo ne a ƙasar nan kamar kai. Amma ido ba abin wasa ba ne. Akwai wani ƙwararren likita a birnin da za mu kwana, shi yake duba ni. Ku kai ta can."

"Ranka ya daɗe, a wane jirgi?"

Ya yi dariya ya ce ina da ban dariya. Ya sa aka ɗauke mu hoto yana dafe da kafaɗata.

Da na fito na tsaya na yi tunani. Ko da babban jami'in ya dawo a wannan lokacin ya kashe hatimi, mota ba za ta kai ni kafin Alhamis da safe ba. Ƙofar baya a rufe, ƙofar gaba ita kaɗai ce a buɗe. Na bi tawaga muka hau wani ƙaton jirgi na wata ƙasa, su a gaba bayan labule, ni a can ƙurya kusa da banɗaki.

Akwai ɗan allo a bayan kowace kujera da ke nuna inda jirgi yake. Ba mu daɗe da tashi ba na ga ɗan jirgin da ke kan allon ya shiga sararin ƙasar kudu, ya bi ta kan garinsu Yaya daidai. Na leƙa ta kan kafaɗar na kusa da ni, ga rufin gidaje can ƙasa suna ƙyalli a rana. Na kira ma'aikaciyar jirgin na ce ko za a ɗan rage gudu in sauka a nan. Ta yi murmushi ta miƙo mini lemo.

Birnin can kuwa ba zan iya ba ku labarinsa ba, don ban gan shi ba. Tawaga suna da irin fasfon da ƙofa take buɗe wa da kanta, suka saka rigunan sanyinsu, suka ja akwatunansu suka shiga gari. Mai irin fasfona iyakarsa cikin fili. Na zauna a gaban wani kantin turare cikin 'yar rigata mara nauyi, sanyi yana ratsa ni har ƙashi. A nan Alhamis ta same ni, a nan wayar ɗan Yaya ta shigo.

"Kawu, za su shiga da ita. Ga ta."

"Auta, kana ina?"

"Ina hanya, Yaya."

Ina jin ƙarar ƙafar gadon da ake turawa.

"To Allah ya kawo ka lafiya. Ka dai ci abinci ko?"

Na ce na ci. Da wayar ta katse na kifa kai a gwiwa na yi kuka, ni da furfurata, a gaban mutanen da ban sani ba. Baƙin ciki ne da haushi, kuma rabin haushin na kaina ne. Mai kantin turaren ta fito ta fesa mini wani a bayan hannu, ko zan saya.

Tawaga ta dawo daga gari akwatuna suna nishi, har ƙafar ɗaya ta karye. Sai ranar Juma'a muka sauka a ƙasar kudu. Su aka kwashe su da jiniya zuwa taro. Ni na tsaya a wurin karɓar kaya ina jiran jakar da na miƙa a kanta tun ranar Talata. Kowa ya ɗauki tasa, bel ɗin da ke fito da kaya ya yi ta juyawa ba komai a kai, har aka kashe shi. Na fito hannu rabbana na tarar da ɗan Yaya yana jirana. Na ce masa kuma sun ɓatar mini da jaka.

"Jakarka, Kawu? Ai tana asibiti tun Laraba da la'asar. Lambata ka rubuta a jiki, suka kira ni na je na karɓo."

"A wane jirgi ta zo?"

"Ba jirgi ba ne. Sun ce kayan jirgin kai tsaye a motar kamfani ake lodawa a biyo hanya da su, don ƙetare teku da kaya akwai tsada."

Muka kama hanyar asibiti.

Washegari likita ya kwance bandejin. Ya haska mata 'yar fitila, ya kaɗa yatsu a gabanta, ya sake haskawa. Ya tambaye ta me take gani. Ta ce masa ya daina wahalar da kansa, ta gode, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da ya fita ta miƙo hannu biyu wajen da take jin numfashina.

"Matso, Auta."

Na durƙusa a bakin gadon. Ta bi goshina da yatsu, ta shafa kumatuna, ta kama gemuna ta ɗan ja.

"Ka rame. Matar taka ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Yaya. Ki yafe mini, ban zo a kan lokaci ba."

"Kai dai rufe mini baki. Ai na ga jakarka. Na sa an buɗe mini ita a nan bakin taga, na ga rigarka mai ruwan toka, na ga hularka. Har yau ba ka iya ninke kaya ba, cusa su kawai kake yi kamar mai gudun bashi. Ni na zauna na sake ninke maka su ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta faɗi."

Ta juya kai wajen gadon da ke kusa, inda wata tsohuwa take kwance da nata bandejin, ta ɗaga murya.

"Baiwar Allah, kina ji? Ƙanena ne ya zo. A jirgin sama ya zo, saboda ni."

Tsohuwar ta ce kai, Allah ya yi masa albarka, irin waɗannan 'yan'uwa sun yi ƙaranci. Na ce amin. Kayan nan har yanzu suna cikin jaka yadda ta ninke su, ban iya taɓa ko ɗaya ba.

Na dawo gida a mota, na kuma iso ranar da direba ya ce zan iso. A hanya na karanta cewa taron kwamiti ya yi armashi, jawabin shugaba ya sa wasu wakilai hawaye, an kuma amince gaba ɗaya a sake zama. Ina taya su murna, Allah ya ƙara wa Ranka-ya-daɗe lafiyar ido.

Roƙo ɗaya gare ni wurin manyanmu, kuma ba zai ci musu ko kwabo ba. Yaya ta ce tana son ta san ranar da jirgin nan zai tashi da gaske, don ta yi wa masu hawansa addu'a. In ranar ta zo, don Allah a sanar a rediyo. Talabijin ba ya yi mata amfani yanzu.